Darasi na 14: Ɗan da Ya Mutu Kafin Ranar Suna

Karatu: II Sama'ila 12:13-25. Ayar haddacewa: aya ta 23.

Ga mai bi da darasi

Darasin yau yana da nauyi, kada fa a shige shi da garaje. Da wuya masu bi ashirin su taru a ɗakin sujada, ko a Jos, ko a Kagoro, ko a Numan, a rasa mace guda a cikinsu wadda ta ɗauki ciki har ya tsufa, ta sha naƙuda, sa'an nan ta komo gida bayanta ba goyo. Wata shekara talatin ke nan da abin ya same ta, ba ta kuwa taɓa buɗe baki a kansa cikin ekklisiya ba. Saboda haka mai bi da darasi ya karanta nassin a hankali, kada ya kira sunan wata ya ce ta ba da shaida. Wadda ta so magana ta yi, wadda ta yi shiru a bar ta da shirunta.

Abin ba kaɗan ba ne. Bisa ga lissafin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekara ta 2020, jarirai kusan miliyan 2 a ke haifa ba rai ko wace shekara cikin duniya, watau ɗaya cikin ko wace daƙiƙa 16. A Nijeriya kaɗai sun wuce 170,000 a shekara ta 2019. Waɗannan kuwa su ne waɗanda cikinsu ya kai mako 28 ko fiye. Ba a sa ɓari cikin lissafin ba, ba a kuma sa waɗanda suka yi kuka, suka kama nono kwana biyu ko uku, kana suka tafi ba.

Labarin

Mun san abin da ya gabata a sura ta 11. Dauda ya ɗauke matar Uriya Bahitte, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Annabi Natan ya zo ya tone shi da misalin 'yar tunkiyar matalauci. Dauda ya amsa laifinsa, aka gafarta masa, amma Natan ya gaya masa ɗan da aka haifa masa ba zai rayu ba. Ciwo ya kama yaron. Dauda ya yi azumi, ya kwana a ƙasa yana roƙon Allah. Dattawan gidansa suka yi, suka yi, ya tashi ya ci abinci, ya ƙi. A rana ta bakwai yaron ya cika.

Masu fassara sun rabu a kan wannan rana ta bakwai. Waɗansu suna ƙirgawa daga ranar da ciwo ya kama shi, waɗansu daga ranar haihuwa. In daga haihuwa ne, to, kwana ɗaya tak ya rage a yi masa kaciya, gama rana ta takwas ce Allah ya sanya wa Ibrahim (Farawa 17:12), a ranan nan kuma aka raɗa wa Yohanna Mai Baptisma suna, da Ubangijinmu kansa, kamar yadda Luka ya rubuta. Ko ta yaya aka ƙirga, Littafi bai ba mu sunan yaron ba. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya ba shi ayoyi goma cikin tarihin sarakunan Isra'ila. Ku duba Littafin Mahukunta sura ta 10: Tola ya yi shekara 23 yana shugabancin Isra'ila, ayoyi biyu kaɗai aka ba shi.

Ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, domin a wurare da yawa na ƙasar nan ba a cika lissafta jariri cikin mutane ba sai ranar suna ta wuce. In ya mutu kafin nan, maza biyu ko uku su kan naɗe shi su binne da sauri, ba taro, ba zaman makoki, wani lokaci ma tun uwar ba ta farfaɗo ba. Da nufin alheri a ke yi, wai don kada ta gani zuciyarta ta ɓaci. Amma sarkin Isra'ila ya kwana bakwai a ƙasa saboda ɗan da ba shi da suna, Allah kuwa ya sa aka rubuta.

Da yaron ya mutu, barorin suka ji tsoron faɗa masa, suka shiga raɗa. Dauda ya gane, ya tambaye su, suka gaya masa gaskiya. Sai ya tashi, ya yi wanka, ya shafa mai, ya sāke tufafi, ya shiga gidan Ubangiji ya yi sujada, daga bisani ya komo gida ya ce a kawo abinci. Barorin suka yi mamaki, gama a ganinsu ya juya al'ada, ya yi makoki tun da rai, ya bari bayan mutuwa. Amsar da ya ba su tana cikin aya ta 22 da ta 23. Ya ce muddin yaron yana numfashi akwai wurin roƙo, ko Allah zai yi jinƙai. Yanzu kuwa azumi ba shi da ikon jawo shi. Ya ƙara da cewa shi ne wata rana zai bi yaron zuwa inda ya tafi, amma yaron ba mai komowa ba ne.

Kada wani ya ɗauki wannan nassi ya mai da shi bulala, ya ce wa mace, "Dauda ya tashi ya ci tuwo, ke ma tashi." Dauda ya riga ya zub da nasa hawaye kwana bakwai. Aya ta 24 kuma ta nuna Bat-sheba tana nan cikin baƙin cikinta bayan da mijinta ya ci abinci, ba wanda ya tsauta mata. Shi Dauda ɗin ma, ran da Absalom ya mutu, ya yi kuka da ƙarfi har dukan rundunar suka ji (II Sama'ila 18:33).

Laifin wa ne?

A nan ne wuyar nassin ta ke, ba kuwa za mu kewaye ta ba. An rubuta a fili cewa mutuwar wannan yaro tana haɗe da zunubin Dauda. Ba mu da iko mu sassauta abin da aka rubuta. Amma mu lura da yadda aka san haka: annabi ne Allah ya aiko da magana bayyananniya a kan mutum ɗaya, sarki, wanda ya yi zina da kisankai da ikon sarautarsa. Mu lura kuma da wanda aka ɗora wa laifi. Uban ne. Natan bai gaya wa Bat-sheba ko kalma ɗaya ta zargi ba. A cikinmu kuwa, in ɗa ya zo ba rai, yatsa uwar ya kan fara nunawa: ko ta ci amanar mijinta, ko ta fita da tsakar rana, ko ta ci abin da aka hana ta, ko bangaskiyarta ta gaza. Wanda ya ce daga II Sama'ila 12 ya samo wannan, bai karanta surar ba.

Ubangiji Yesu da kansa ya rufe mana wannan ƙofa. Sa'an da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ƙi karɓar duka biyu (Yohanna 9:1-3). Da shi kansa ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). Abokan Ayuba uku sun yi daidai muddin suna zaune da shi a ƙasa kwana bakwai ba magana. Ran da suka buɗe baki suka shiga neman zunubin da ya kashe 'ya'yansa goma, ran nan suka ɓata, har a ƙarshe Allah ya husata da su, sai da Ayuba ya yi musu addu'a (Ayuba 42:7-9).

Don haka muna faɗa da ƙarfi: duk wanda ya zo gidan da aka yi rashi, ko da ya kira kansa annabi, ko mai gani, ya ce an nuna masa kishiya ce, ko surukuwa, ko tsohuwar da ke makwabtaka ta cinye ɗan, kada a karɓe shi, kada a ba shi ko kwabo. Gidaje nawa suka watse ta haka, tsofaffi nawa aka kora daga ƙauyensu da sunan maita! Dattawan ekklisiya su tsaya a kan wannan, gama shaidar zur ce, doka ta tara kuwa ba ta canza ba.

Allah ya ba 'yan adam sanin dalilai da yawa na wannan mutuwa, ƙin sanin kuwa ba ibada ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ya kan kashe ɗa a ciki. Haka hawan jini da jijjiga, da ciwon sukari, da tunjere, da zubar jini in mabiyiya ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba, da doguwar naƙuda. Lissafin nan na 2020 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na jariran da a ke haifa ba rai suna da rai sa'an da naƙuda ta fara. A cikin naƙudar suka mutu. Wannan ba na faɗa wa uwa ba ne ranar makoki. Na dattawa ne da magidanta, waɗanda kuɗin mota da izinin fita su ke hannunsu. Akwai kuma lokacin da likita zai bincika iyakar bincike bai sami dalili ba. A nan ma babu wanda ya ba mu izini mu cika gurbin da zato.

Ba mai komowa ba ne

Hausawa suna da kalmar wabi, ga macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙanana. Yarabawa suna cewa abiku, Ibo kuma ogbanje. A bayan kalmomin akwai tsoro iri ɗaya, cewa ɗa guda ne ya ke zuwa yana komawa don ya wahal da uwarsa. Shi ya sa a kan raɗa wa na baya suna irin su Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, a waɗansu wurare har a kan yi wa gawar tabo don a gane ta in ta komo. Masu bi da yawa sun bar tsafi, amma wannan tsoro bai bar su ba. Mace ta kan dubi jaririnta sabon haihuwa ta kasa sakin zuciya ta ƙaunace shi, tana cewa a ranta baƙo ne.

Maganar Dauda ta tsinke wannan igiya. Ɗan da ya tafi ba ya yawo tsakanin kabari da mahaifa. An ƙaddara wa mutum mutuwa sau ɗaya (Ibraniyawa 9:27). Sa'an da Bat-sheba ta sāke haihuwa, ba a ce na fari ne ya komo ba. Wani ne dabam, aka sa masa suna Sulemanu, Allah kuma ya aiko Natan ɗin nan da suna na biyu, Yedidiya, watau ƙaunataccen Ubangiji. Ko wane ɗa mutum ne shi kaɗai. Wanda ya mutu ba mugu ba ne da za a tsane shi, wanda ya biyo baya kuma ba inuwar wani ba ne.

Abin da a ke kira wabi sau da yawa yana da suna a asibiti. In uba da uwa duka suna ɗauke da irin jinin sikila, ko wane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon, yaran kuwa su kan fara wahala bayan wata biyar ko shida. Akwai kuma rashin jituwar jini da a ke kira Resus, inda ɗan fari ya kan zo lafiya, na baya su riƙa mutuwa a ciki ko su zo da shawara mai tsanani. Tun shekara ta 1968 akwai allurar da a ke yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa don tsare 'ya'yan da za su biyo. Akwai ciwon sarƙe-haƙora da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da reza marar tsabta, ko an shafa mata toka ko kashin shanu. Macen da ta binne biyu ko uku, a kai ta a gwada jininta da na mijinta. Wannan ma aikin ƙauna ne, daidai da addu'a.

Ina ya tafi?

Wannan ce tambayar da uwa ta ke kwana da ita. Ya kamata mu amsa da gaskiya, kada mu ƙara a kan abin da aka rubuta, kada kuma mu rage. Waɗansu masana sun ce Dauda kabari kaɗai ya ke nufi, watau shi ma zai mutu kamar yadda yaron ya mutu. Gaskiya ne tsarkaka na Tsohon Alkawari ba su ga abin da ke bayan mutuwa sarai kamar yadda mu ke gani ba, gama Kristi ne ya haskaka rai da rashin ruɓa ta wurin bishara (II Timotawus 1:10). Amma mutumin da ya yi maganar shi ne mai Zabura ta 16 da ta 23, wanda ya sa zuciya ga zama a gaban Allah har abada. A ganinmu maganar da ta tashe shi daga ƙasa ta kai shi sujada ta fi zancen rami.

Mu da mu ke aikin juya Littafi daga harsunansa na asali mu kan tsaya a kan waɗansu kalmomi. A Zabura 139:16 akwai kalmar Ibraniyanci golem, wadda ba ta sāke fitowa ko ina cikin Tsohon Alkawari ba. Ma'anarta abin da aka dunƙule ba a gama siffanta shi ba, watau gudan jini a ciki tun ba hannu ba ƙafa. Mai zabura ya ce idon Allah ya gan shi tun yana haka, kwanakinsa kuma a rubuce su ke. In kwanakin bakwai ne, a rubuce su ke. In kuwa dukansu a cikin mahaifa suka ƙare, su ma a rubuce su ke. Ayuba, cikin zafin ransa, ya lissafta ɗan da bai ga haske ba tare da sarakuna da hakimai a wurin da gajiyayyu ke hutawa (Ayuba 3:13-17).

A Sabon Alkawari kuma Luka, wanda likita ne, ya yi amfani da kalmar Helenanci guda, brefos, a wurare uku da ya kamata mu haɗa. Da ita ya kira Yohanna sa'an da ya motsa a cikin Alisabatu (1:41), da ita ya kira Yesu a kwance cikin komin dabbobi (2:12), da ita kuma ya kira jariran da aka kawo wa Yesu ya taɓa su, almajirai suka tsauta, shi kuwa ya kira su wurinsa ya ce mulkin Allah na irinsu ne (18:15-16). A bakin Luka na ciki da na goye sunansu ɗaya.

Ba mu ce jariri ya tsira domin ba shi da aibi ba. Dauda ɗin nan, cikin Zabura ta 51 da ya yi bayan zuwan Natan, ya shaida cewa zunubi yana manne da mu tun daga ciki. Begenmu yana kan alherin Kristi, wanda ya fi laifin Adamu yawa (Romawa 5:15-21), yana kuwa iya kai wa wanda bai iya ko buɗe baki ba. Ceto bai taɓa zama ladan wayo ko na shekaru ba. Ekklisiyoyinmu sun bambanta a kan baptismar jarirai, waɗansu suna yi, waɗansu suna miƙa yara kaɗai. Amma kada uwa ta sha azaba domin ruwa bai taɓa ɗanta ba. Ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye bai sauko an yi masa baptisma ba.

Ba mu ne na fari da muka yi wannan tambaya ba. Majalisar ekklisiya da ta zauna a Dort ta ƙasar Holan ta rubuta a shekara ta 1619 cewa bai kamata iyaye masu tsoron Allah su yi shakkar ceton 'ya'yansu da Allah ya kira suna jarirai ba. Kafin wannan, a shekara ta 1542, Martin Luta ya rubuta ɗan littafi na ta'aziyya musamman domin matan da suka yi ɓari ko suka haifi ɗa ba rai. Shi kansa ya binne 'yarsa Alisabatu a 1528 tun ba ta cika wata takwas ba. Abin da ya koya musu shi ne, marmarin da uwa ta yi na kawo ɗanta ga Allah, da ajiyar zuciyarta cikin naƙuda, addu'a ce wadda Allah ya ji, ko da ba ta iya harhaɗa kalma ba, gama Ruhu yana roƙo dominmu da nishi (Romawa 8:26). 'Yan'uwanmu na ekklisiyar Lutaran a Adamawa suna da gādo a nan wanda ya kamata su raba da sauranmu.

Kukan Rahila

Sau da yawa mu kan ji ana ce wa mai kuka, "Yi shiru, ke mai bi ce." Manzo Bulus bai ce haka ba. Abin da ya hana Tassalunikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (I Tassalunikawa 4:13). Baƙin cikin kansa bai hana ba. Ubangijinmu ya san zai ta da Li'azaru cikin 'yan mintoci, duk da haka hawaye suka zubo masa a bakin kabarin.

Irmiya ya ji muryar Rahila a Rama tana kukan 'ya'yanta, ta ƙi a ta'azantar da ita (31:15). Rahila kuwa ita ce wadda ta daɗe tana neman haihuwa, daga baya ta mutu a kan gwiwa a hanyar Efrata. Matta ya ɗauki wannan kuka ya sa shi cikin labarin haihuwar Mai Ceto, a bakin uwayen Baitalami waɗanda Hirudus ya kashe musu 'ya'ya. Ashe bishara ba ta ji kunyar macen da ta ƙi yin shiru ba. Sa'an da Allah ya ce mata ta share hawaye, a ayoyi biyu na gaba, bai ce don abin ƙarami ne ba. Ya ba ta dalili, ya ce akwai bege a gabanta.

A Ibraniyanci mahaifa ita ce rehem, jinƙai kuma rahamim, tushensu ɗaya. Kalmar rahama da mu ke faɗi da Hausa, wadda ta zo ta Larabci, daga wannan tushe ta ke. Sa'an da Allah ya so ya kwatanta yadda ba zai manta da mutanensa ba, mace mai shayarwa ya ɗauka misali (Ishaya 49:15). Yaya fa za mu ce wa uwa ta manta, alhali kuwa rashin mantuwarta ne Allah ya zaɓa ya kwatanta kansa da shi?

Dauda ya ta'azantar da matarsa

A aya ta 24 ne Littafi ya kira Bat-sheba matar Dauda, bayan da a aya ta 15 ya kira ta matar Uriya. Abin da Dauda ya yi bayan sujada da cin abinci shi ne ya shiga wurinta. Magidanta su ji wannan. Namiji ya kan ɓoye nasa ciwo cikin gona ko kasuwa, ya bar matarsa a hannun mata, ita kuwa ta ɗauka bai damu ba, ko yana jin haushinta. Shi ne ya haƙa ramin, shi ya san inda aka sa ɗan. Ya gaya mata, in ta so ya kai ta. Shi ne kuma zai tsaya tsakaninta da bakin danginsa. Dattawa kuma kada su gai da matar kaɗai su wuce mijin, shi ma ɗansa ne.

Zumuntar Mata tana da babban aiki a nan, gama akwai abubuwan da mai bishara ba zai iya ba. Jikin mace bai san ɗan ya mutu ba. A rana ta biyu ko ta uku nono ya kan kawo, ya cika ya yi zafi, babu mai sha. Mata da yawa sun ce wannan ya fi ranar binnewa ɗaci. Ita mai jego ce kamar ko wace, tana bukatar ruwan zafi, da kunu, da hutu, da mai ɗebo mata ruwa. Kayan jariri da ta tara kada a kwashe a ɓoye ba da saninta ba, a tambaye ta. In tun da fari ta so ta ga ɗanta, ta riƙe shi, a bar ta. Masu aikin ungozoma a ƙasashe da yawa sun bar al'adar ɓoyewa, domin sun ga yawancin uwayen da suka gani ba su yi da-na-sani ba. Wadda ba ta so kuma kada a tilasta mata. In iyaye sun so su raɗa masa suna, babu abin da ya hana cikin Littafi. Ya kamata pasto ko dattijo ya tsaya a bakin ɗan kabarin ya yi addu'a, ko da mutum huɗu ne a wurin.

Mu kula da abin da mu ke faɗi wajen gaisuwa. "Ai ke yarinya ce, za ki sami wani" magana ce mai sauƙin faɗi, amma tana nufin wanda ya tafi bai kai a yi kukansa ba. "Gara da ya tafi tun ba ki saba da shi ba" ta fi muni, gama wata tara ta yi tana jin motsinsa. Ya isa tsohuwa ta zauna kusa da ita ta ce, "Sannu, 'yata, mu ma mun yi rashi." A komo kuma bayan mako biyu, da bayan wata uku, sa'an da masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Ranar da a ke miƙa jarirai a sujada, wata ta zauna kusa da ita. In makonni sun wuce ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana zancen gara ta bi ɗanta, kada a tsaya ga cewa ta ƙara addu'a. Ciwo ne da a ke magani, a raka ta wurin likita, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

In Allah ya sāke ba da ciki, tsoro zai zo tare da shi, kada a ga laifinta. Ekklisiya ta taimaka ta je awo tun da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ta kwana cikin gidan sauro. In motsin ɗa ya ragu, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, a tafi asibiti ran nan, kada a jira gari ya waye. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta zaman gida ba ce. Matan da a ke yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jankwano na Jos, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su, ta kuma kashe ɗan da su ke ɗauke da shi. Ekklisiyar da ta iya tara kuɗin kwanon rufi tana iya ajiye kuɗin motar dare ɗaya, a kuma san tun yau mai motar da za a buga wa ƙofa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa barorin Dauda suka ji tsoron faɗa masa gaskiya? A gidajenmu, wa a kan ɓoye wa, don me?

2. Ku karanta Ishaya 65:17-20 da Ru'ya ta Yohanna 21:1-5. Wane abu ne annabin ya ambata musamman cewa ba za a ƙara gani ba cikin sabuwar halitta?

3. Yaya a ke binne jaririn da ya mutu kafin suna a garinku? Wane abu cikin al'adar ya dace da mai bi, wane ne ya kamata dattawa su sāke dubawa?

4. In mace ta fara naƙuda da tsakar dare cikin damina a ƙauyenku, wa zai kai ta asibiti, da kuɗin wa?

Mako mai zuwa za mu ci gaba da II Sama'ila sura ta 13. A karanta ta a gida kafin a zo.